Tambaya da Amsa: Malaman Mohawk da Suka Koma Gida Don Ceto Harshensu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A fitowar da ta wuce layi biyu kacal na yi a kan wani malamin jami'a a Kanada ɗan ƙabilar Mohawk, na ce sai da ya girma sannan ya koyi harshen kakanninsa kuma yau shi yake koyar da shi, to ashe maganar ta taɓa mutane da yawa, saƙonni suka yi ta shigowa har na ga gara kawai in ba wa batun filin nan gaba ɗaya. Waɗanda suka turo tambaya a kan wasu abubuwan dan Allah ku yi haƙuri, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina karantar kimiyyar harshe. Su waye Mohawk ɗin nan, wane ne malamin da ka ambata, kuma ya aka yi mutum zai tashi a garinsu cikin danginsa amma bai iya yarensu ba sai ya je makaranta? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, barka kadai. Mohawk suna ne da wasu suka laƙaba musu, su da bakinsu Kanien'kehá:ka suke kiran kansu, harshen kuma Kanien'kéha. Suna cikin 'yan asalin Arewacin Amurka, wato mutanen da Turawa suka zo suka tarar a ƙasar, kuma suna cikin wata tsohuwar tarayya ta ƙabilu shida da ake kira Haudenosaunee, su da Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca, sai Tuscarora da suka shigo daga baya wajajen 1722. Asalin mazauninsu kwarin kogin Mohawk ne a jihar Niyok ta yanzu, su ne a can gabas cikin tarayyar shi ya sa ake musu kirari da masu tsaron ƙofar gabas. Yau kam garuruwansu a warwatse suke. Kahnawà:ke tana tsallaken kogi daga birnin Montiriyal, Akwesasne kuwa iyakar Kanada da Amurka ce ta ratsa ta cikinta, gari ɗaya amma wani gidan yana lardin Kwibek wani yana Ontariyo wani yana jihar Niyok, ga Kanehsatà:ke, ga Tyendinaga, ga Wáhta, sai kuma Six Nations a bakin kogin Grand na Ontariyo inda suka koma a 1784 bayan yaƙin neman 'yancin Amurka, da yake da yawansu Ingila suka mara wa baya, da aka ci Ingila da yaƙi sai suka rasa ƙasarsu.

Malamin da nake nufi sunansa Ryan DeCaire, mutumin Wáhta ne, wani ƙaramin gari a yankin Muskoka na Ontariyo. Yana koyarwa a Jami'ar Toronto a ɓangaren nazarin 'yan asalin ƙasa da na kimiyyar harshe, kuma digirinsa na uku a Jami'ar Hawai da ke Hilo ya yi shi, a kan rawar da koyar da manya ke takawa wajen farfaɗo da Kanien'kéha. Amma abun da ya sa nake ganin girmansa shi ne ba a jami'a ya samo harshen ba, a wata 'yar makarantar al'umma ya samo shi a Six Nations, kuma da ya samu kujera a jami'a bai juya wa makarantar baya ba, ya ci gaba da koyarwa da tsara mata manhaja.

To batun yadda aka yi harshen ya suɓuce, wallahi labari ne mai ɗaci. Gwamnatin Kanada da coci-coci sun daɗe suna tafiyar da makarantun kwana inda ake raba yaran 'yan asalin ƙasa da iyayensu, a aske musu gashi, a canza musu sutura, in an ji yaro ya yi yarensu a hukunta shi, har da duka. Yara kusan 150,000 ne suka ratsa ta makarantun nan a faɗin ƙasar, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Wadda ta fi shafar mutanen Six Nations ita ce Mohawk Institute a garin Brantford, ta fara kwanar da yara tun 1831 ba a rufe ta ba sai 1970, yaran da suka zauna a ciki suna kiranta da wani suna mai nufin ramin kunu saboda kunun hatsin da ake ɗura musu kullum. Ka ga yaron da ya sha duka saboda ya yi magana da harshen uwarsa, in ya girma ya haihu me kake zato zai yi? Sai ya ce a'a, ni ɗana ba zai sha abun da na sha ba, ya dinga yi masa Turanci don ƙauna, ba don ƙin harshen ba. Haka makarantun jeka-ka-dawo na gwamnati da ke cikin garuruwan su ma Turanci ne zalla. Ga kuma neman abinci, mazan Mohawk sun shahara da aikin haɗa ƙarafan gadoji da dogayen benaye, Niyok ta san su sosai, iyalai da dama suka tare a unguwar Brooklyn, yara suka taso cikin Turanci, daga baya talabijin ta shigo ɗakuna ta ƙarasa sauran. A haka aka wayi gari kakanni suna ji suna yi, iyaye suna ji kaɗan-kaɗan ba sa iya mayarwa, jikoki kuwa sai gaisuwa da na gode. Yanzu waɗanda suka sha harshen a nono sun yi ƙaranci ƙwarai, mafi yawansu tsofaffi ne, kuma an fi samunsu a Akwesasne da Kahnawà:ke.

Tambaya: Malam ni abun da ya ɗaure min kai shi ne wace irin makaranta ce za ta ɗauki ƙaton mutum da bai san komai ba ta mayar da shi mai magana har ya koyar? Mu nan shekara shida muka yi ana koya mana Faransanci a sakandare, yau ko cefane ba zan iya yi da shi ba. Daga wani ma'aikacin banki a Kaduna.

Amsa: Ranka ya daɗe ai ka taɓo inda maganar take. Abun da ya same ka da Faransanci shi ya yi ta samun 'yan Mohawk shekara da shekaru, aji na minti 40 sau biyu a sati, a koya maka launuka da ƙirga da sunayen dabbobi, badi ma a sake maimaita su, ka gama ba ka iya ce wa kakarka ina jin yunwa ba.

Makarantar sunanta Onkwawenna Kentyohkwa, tana garin Ohsweken a Six Nations, wani bawan Allah Brian Maracle wanda aka fi sani da Owennatekha shi da matarsa Audrey suka assasa ta a 1999. Shi ɗin ma ba da harshen ya tashi ba. Ɗan jarida ne, ya yi aiki da gidan rediyon CBC na Kanada yana gabatar da shiri a kan 'yan asalin ƙasa, yawancin rayuwarsa a birane ya yi ta, sai a farkon shekarun 1990 ya tattara nasa ya nasa ya koma gida, har ya fitar da littafi a 1996 a kan shekararsa ta farko da komawa. Da suka fara, zaton da aka yi shi ne in aka zaunar da ɗalibai da dattawa masu harshen suna ta hira to zai shige su da kansa, amma sakamakon bai gamsar da su ba, domin babba ba ya ɗaukar harshe yadda jariri ke ɗauka, balle harshe irin wannan. Daga nan suka rungumi hanyar wani malami ɗan Tyendinaga, David Kanatawakhon Maracle, wanda ya daɗe yana koyar da Mohawk a Jami'ar Western Ontario da ke garin London na Kanada, ya kuma rubuta ƙamusoshi da littattafan nahawu, hanyar ana ce mata hanyar saiwar kalma.

Bari in ɗan buɗe maka ita don ka ga dalili. A Kanien'kéha kalma ɗaya tana iya ɗaukar abun da mu za mu faɗa da jimla guda, saboda a jikin aikatau ake manna wanda ya yi, da wanda aka yi wa, da lokaci, da inda aka nufa, wani lokacin har da sunan abun da aka yi aikin a kansa, duk a cusa su a kalma ɗaya da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Saboda haka in ka ce haddar kalmomi za ka yi to har ka mutu ba za ka gama ba, aikatau ɗaya yana iya fitowa a siffofi ɗaruruwa. Sai suka ce to a daina haddace kalma sukutum, a koyi guntayen da ake haɗa ta da su da dokar haɗin. Ɗauki aikatau na son abu. Kenòn:we's, ina son shi. Senòn:we's, kana son shi. Ranòn:we's, yana son shi. Yenòn:we's, tana son shi. Ka ga saiwar ba ta motsa ba, goshin ne kawai ke canzawa. In ka zo kan "mu" kuma sai abun ya ƙara faɗi, domin su "mu" ɗinsu kala huɗu ne: teninòn:we's ni da kai mu biyu, yakeninòn:we's ni da wani mu biyu ban da kai, tewanòn:we's mu duka har da kai, yakwanòn:we's mu da yawa amma ban da kai. Wanda ya yi Larabci a islamiyya ya san musanna, to su ma suna da shi, sannan suka ƙara da bambance ko wanda kake wa magana yana ciki ko ba ya ciki. Waɗannan wakilan sunan gommai ne, a makarantar an raba su gida uku an ba kowane gida launi, ja da shuɗi da shunayya, ɗalibi ya yi ta jujjuya su da baki har su zauna masa daram. Ranar da aka ba shi sabuwar saiwa guda ɗaya, nan take ya samu kalmomi masu ɗimbin yawa da zai iya ƙerawa da kansa.

Sai kuma lokaci, wanda ni a ganina shi ne rabin sirrin. Shekara biyu ake yi, tun safe har yamma, kwana biyar a sati, awannin in ka tara suna kai wajen dubu biyu. Mutum aikinsa yake ajiyewa ya zo, ana ba shi ɗan alawus ya riƙe kansa. Sannan ba a yaudarar kai da jarrabawar takarda, zaunar da kai ake yi a yi hira da kai da baki a auna ka da ma'aunin da ƙungiyar malaman harsunan waje ta Amurka ta tsara, a ga shin za ka iya ba da labarin abun da ya faru jiya, za ka iya bayyana ra'ayinka, ko har yanzu a gaisuwa ka tsaya. Owennatekha da wani malamin, Jeremy Green, sun rubuta bayanin hanyar nan dalla-dalla a 2018 don sauran ƙabilu masu irin wannan harshe su amfana.

Ba wai ɗalibi yana fita ya zama kamar kakarsa ba ne fa, a'a. Su kansu malaman suna faɗa cewa bayan shekara biyun sai ka koma ka zauna da dattawa ka gyara lafazi, ka ɗauki salon magana da barkwanci da abubuwan da ba a samu a allo. Amfanin makarantar shi ne ta kai ka matsayin da in tsohuwa ta buɗe baki za ka fahimta har ka mayar mata, ba sai ta gaji ta juya Turanci ba.

Tambaya: Malam ina da ja a kan wannan tsarin. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Me ya sa za a kashe kuɗi a kan manya, ba gara a zuba su a firamare da nazare ba? Daga wata malamar firamare a Katsina.

Amsa: Malama gaskiyarki, kuma su ma ta nan suka fara, ba su yi wasa da yara ba ko kaɗan. A 1977 lardin Kwibek ya kafa dokar fifita Faransanci, aka ce yaran Kahnawà:ke sai sun nemi takardar izini kafin su yi makarantar Turanci kamar wasu baƙin haure a ƙasar kakanninsu, mutanen gari suka ce ba su yarda ba, a 1978 ɗalibai suka fice daga sakandaren garin Châteauguay da ke maƙwabtaka suka dawo gida aka buɗe musu tasu mai suna Kahnawake Survival School, a shekarar ce kuma aka kafa cibiyar harshe da al'adu ta garin. A 1979 suka fara ajin ƙananan yara da ba a yin komai a cikinsa sai da Kanien'kéha, sun kwaikwayi tsarin da ake koya wa yaran Turawa Faransanci ne a Kanada, kuma su ne na farko cikin 'yan asalin ƙasar da suka yi haka. Cikin matan da suka tsaya a kan aikin akwai Dorothy Lazore 'yar Akwesasne, wadda har Hawai ta je a shekarun 1980 ta taimaka wa mutanen can lokacin da suke kafa nasu makarantun na harshen Hawai. Ki duba ikon Allah, bayan shekaru sai ga malaman Mohawk suna zuwa Hawai ɗin yin digiri na uku a kan farfaɗo da harshe.

A Akwesasne ma iyaye ne da kansu suka kafa Akwesasne Freedom School a 1979, daga 1985 ta koma koyarwa da harshen zalla. Manhajarta a kan wani dogon jawabin godiya na gargajiya aka gina ta, Ohén:ton Karihwatéhkwen, wanda ake buɗe taro da shi ana ambaton mutane da ƙasa da ruwa da kifaye da tsirrai da dabbobi da tsuntsaye da iska da rana da wata da taurari ɗaya bayan ɗaya har a kai ga Mahalicci, to darussan kimiyya da na zaman jama'a a kan wannan jerin ake ɗora su. Kuɗin tafiyar da ita kuwa har da gwanjon barguna da mata ke ɗinkawa da hannu ake yi duk shekara. A Six Nations akwai Kawenní:io/Gawení:yo tun 1986 mai koyarwa da Mohawk da Cayuga, wadda ta yi shekaru tana karatu a saman benen wani filin wasa don rashin ginin kanta.

To amma ga abun da suka gano bayan an yi shekaru ana wannan. Yaro ya wuni a aji yana jin harshen, an tashi ya hau mota Turanci, ya isa gida uwa Turanci uba Turanci, talabijin Turanci, filin wasa Turanci, sai harshen ya zame masa kamar yunifom, a saka da safe a cire da rana a rataye. Na biyu kuma wa zai koyar? Malaman farko dattawa ne da suka sha harshen a nono, suna ta yin ritaya suna rasuwa, waɗanda ya kamata su gaje su, 'yan shekara 20 zuwa 40, su ne dai waɗanda ba a ba su harshen ba tun farko. Kin ga kenan ko don yaran ma dole a gyara manya. Shi ya sa Kahnawà:ke ta buɗe nata shirin manya na shekara biyu mai suna Ratiwennahní:rats a 2002, Tyendinaga ma ta yi nata. Kuma waɗanda aka fi kwaɗayin su shiga su ne matasa masu shirin aure da masu goyo, saboda in uwa ta iya to jaririnta ba sai an koya masa ba. Yanzu haka akwai gidaje da iyayen a aji suka koyi harshen amma 'ya'yansu da shi suka fara magana, har a Six Nations inda aka yi shekaru masu yawa ba a ga irin haka ba. Ni dai Malama a duk labarin nan babu abun da ya kai wannan faranta min rai.

Tambaya: Yaya wai askin nan da samari ke yi a bar gashi a tsakiya da ake cewa mohok, daga wajensu ya fito? Daga wata ƙanwarku a Zinder.

Amsa: Ƙanwata sunan dai nasu ne, amma askin da kike gani yau ba shi ne ainihin nasu ba. Mayaƙansu na da can suna cire gashin kai ne su bar wani ɗan tukku a ƙololuwa, wancan mai tafiya tun daga goshi har ƙeya an fi danganta shi da wata ƙabilar daban, Pawnee, finafinan Amurka ne suka cakuɗa abun har sunan ya bi shi.

Tambaya: Malam to ita gwamnatin da ta yi ɓarnar me ta yi? Ko dai an bar su ne da gwanjon barguna? Daga wani dattijo a Sakkwato.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma. An ɗan motsa amma a makare. A 2008 firaministan Kanada na lokacin, Stephen Harper, ya tsaya a majalisa ya nemi afuwa a kan makarantun kwanan nan. Aka kafa hukumar gaskiya da sasantawa ta zagaya ƙasar tana sauraron waɗanda abun ya shafa, a 2015 ta fitar da shawarwari 94, a ciki har da na harshe. A 2019 aka yi dokar harsunan 'yan asalin ƙasa, a 2021 aka naɗa kwamishinan farko na ofishin da dokar ta samar, Ronald Ignace. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru goma na harsunan 'yan asali.

Sai dai Baba ka lura da shekarun da na lissafa a sama, 1978, 1979, 1986, 1999, duk kafin dokar ne da nisa. Mutanen gari ne suka fara da abun hannunsu, ita Kahnawà:ke ma tun 1999 ta yi tata dokar harshen. Haka daidaita rubutu, a 1993 dattawa da malamai daga garuruwan suka taru a Tyendinaga suka zauna a kan ƙa'idar rubutu, baƙaƙe 12 kacal harshen ke amfani da su sai alamomin sauti, duk da haka har gobe mutanen yamma suna rubuta y inda na gabas ke rubuta i, kuma ba wanda ya ce sai an kashe karin wani gari don a samu haɗin kai. Kukan da masu makarantun nan suka daɗe suna yi shi ne kuɗin tallafi na ɗan lokaci ne, bana a samu badi sai an sake cika takardu ana jira, alhali gina mai magana ɗaya shekaru yake ci. Kuma ni ina ganin a nan ne malamin jami'a yake da rana in yana da kishi, shi ya san yadda ake rubuta takardar neman tallafi, ya san yadda ake tattara hujja a nuna wa hukuma cewa ga adadin awannin da ake buƙata ga sakamakon da aka samu, sa'annan yana iya sa jami'a ta amince da karatun da aka yi a makarantar al'umma. In kuwa ya tsaya a rubuta maƙala da Turanci a kan harshen da ke mutuwa don a ƙara masa girma a wurin aiki, to shi ya ci riba, harshen bai ci komai ba.

Tambaya: Malam na karanta abun da ka rubuta sai da na yi hawaye. Mu a wajenmu ba Turanci ne ya cinye yarenmu ba, Hausa ce. Kakata da ƙannenta suna yi, babana yana ji ba ya mayarwa, ni kam ko gaisuwa sai na yi tunani. Yanzu saura goggona da wasu tsofaffi kaɗan a ƙauye. Akwai abun da zan iya yi ko lokaci ya ƙure? Daga wata baiwar Allah a jihar Bauchi.

Amsa: 'Yar'uwa Allah ya saka miki da alheri da kika faɗi wannan a fili, domin magana ce da mu Hausawa ba mu cika son ji ba. Muna kukan Turanci yana danne Hausa a gidajen 'yan boko, kuma gaskiya ne, amma a Bauchi da Jigawa da kudancin Kaduna da Filato da wasu wuraren Hausa ce babbar da ke haɗiye ƙananan. Ajawanci a Bauchi ya tafi, harshen Auyokawa da na Teshenawa a Jigawa sun tafi, jikokinsu duk Hausa suke yi. Ba irin hanyar Kanada aka bi ba, ba wanda ya kwashe yara ya kulle a makarantar kwana don a raba su da yarensu, kasuwa ce da auratayya da zaman gari da kuma gorin da ake wa mai yare ana ce masa baƙauye, amma ta wajen jikar da ba ta iya hira da kakarta da harshen kakar ba, ciwon iri ɗaya ne.

Lokaci bai ƙure ba tunda goggo tana raye kuma ba ita kaɗai ba ce. Ba zan ce ki kwafi tsarin Mohawk sak ba, su suna da ƙamus da nahawu a rubuce tun tuni, tun 1787 ma an buga Linjilar Markus da wani jagoransu Joseph Brant ya fassara da harshensu, naku wataƙila ko ƙa'idar rubutu babu. Amma abun da ya fi tsada kina da shi, wato mai magana. Wayar hannunki ta isa ki fara ɗaukar muryarta, kuma kar ki tsaya a "ya ake ce wa akuya, ya ake ce wa ruwa", wannan shi ne tarkon da ya cinye wa 'yan Mohawk shekaru. Ki sa ta ta yi hira da wata tsohuwar ki ɗauka, ta ba da tatsuniya, ta yi faɗa, ta yi addu'a, ta kwatanta yadda ake girkin gargajiyarku tun daga surfe har kwashewa. Sannan ki ɗauki aikatau ɗaya, misali ci, ki bi shi da ita: na ci, ka ci, kin ci, mun ci, zan ci, ban ci ba, kar ka ci, ina cikin ci, ki rubuta yadda kunnenki ya ji, gobe ki ɗauki wani aikatau ki ga ko tsarin ya maimaita kansa. Abun da kika ɗauka kar ki bar shi a waya ɗaya, ki tura wa 'yan'uwa biyu ko uku su ajiye.

Abu mafi wuya shi ne ki roƙe ta ta daina juya miki zuwa Hausa in kin kakare, domin tausayi zai sa ta juya, ku yi yarjejeniya ko na awa ɗaya ne a zama ɗaya ba Hausa, in ba ki gane ba ta nuna miki da hannu. Babanki kuma da kika ce yana ji ba ya mayarwa, kar ki raina abun da ke cikin kansa, irinsu in suka samu wanda ba zai yi musu dariya ba bakinsu yana saurin buɗewa fiye da na wanda zai fara daga farko. In da hali ki nemi mutum uku ko huɗu sa'anninki masu ƙananan yara ku dinga zuwa tare. Sashen harsuna na jami'o'in da ke kusa da ku, irin su Jos da Maiduguri da Bayero, akwai masu nazarin ƙananan harsunan yankin, za su iya taimaka muku wajen tsara rubutu, amma ku yi sharaɗi tun farko cewa duk abun da aka ɗauka ko aka rubuta za a bar muku kwafinsa a gari.

Tambaya: Malam wanda ba ɗan ƙabilar ba yana iya koyo, ko sun hana? Daga wani ɗanku mai karatu a Kanada.

Amsa: Ɗana ba su hana ba, sai dai ajin cikakken lokacin nan gurbinsa kaɗan ne kuma 'ya'yan al'ummar aka fi ba wa, wanda hakan daidai ne. Amma jami'o'i irin su Toronto da Western suna da kwas ɗin Mohawk da ɗalibi zai iya ɗauka, ita Onkwawenna Kentyohkwa ma ta yi darussa ta intanet. Ta nan ne wani ɗan majalisar tarayya daga Montiriyal, Marc Miller, wanda ba ɗan asalin ƙasa ba ne, ya koya, har a watan Yunin 2017 ya miƙe a zauren majalisar Kanada ya yi jawabi da Kanien'kéha, daga baya a 2019 aka ba shi ministan kula da ayyukan 'yan asalin ƙasa. In za ka shiga ka shirya wa nahawu sosai, kuma ka sani ba za ka ji sautin b ko m ko p a asalin kalmominsu ba, leɓe kusan ba ya haɗuwa in ana magana, wannan kan ba Bahaushe mamaki a makon farko.